Jar Fitilar Motar Ilu

Daren jiya wani mafarki ya zo mini, kuma ya dace in fara da dalilinsa. Shekara arba'in da ɗaya ina gyaran wayarin mota a Kura, ba a taɓa dawo mini da aiki ba. Sai ga motar Ilu direba da kwando tamanin na tumatir, jar fitilar gargaɗin injinta, irin ta zamani, tana ci dishi-dishi. Ba ta kama ba, ba ta mutu ba. Ilu ya rantse ba zai hau hanyar Legas a haka ba, tumatir kuwa ya fara tsiyaya.

A mafarkin na tsinci kaina cikin wayar wutar motar ina tafiya a ƙasa, sifana a aljihun babbar rigata. Ana ruwa, amma sama yake tashi, don haka na riƙe laimata a juye.

Na isa ofishin fis, mai gadin wutar mota, inda wata akuya mai tabarau ke shugabanci. Na bayyana mata cewa tun zamanin maigidana, marigayi Malam Nadabo, fitila iri biyu ce, mai ci da matacciya. Ta ce ai an buɗe sashe na uku. Ta cinye takardar ƙorafina, ta buga mini hatimi a goshi, ta ce in wuce.

Sai ga ni gaban fitilar, tana zaune kan tabarma, ido rabi a buɗe. Na umarce ta ta zaɓi ɗaya. Cikin ladabi ta ce ita abin da ya iso mata take faɗa, komai ƙanƙantarsa, in je in tambayi wanda ta gada.

Na same shi a gindin batir yana shan inuwa, tsohon ƙwan fitila mai zare, wanda na saka da hannuna shekara goma sha tara da suka wuce. Muka yi gaisuwar manya.

"Malam Jibo, wutar nan ta daɗe tana yoyo," in ji shi. "Tun ranar da ka ɗaure baƙar waya a jikin bodi ba ka kankare fenti ba. Ni dai ba ta kai ta tashe ni ba."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Na ga girmanka."

Na naɗe hannun riga, na bi baƙar wayar har ƙarshenta. Ga notin da ya ɗaure ta nan kamar rumbu, tsatsa ta yi masa rawani, tumatir sun kewaye shi suna jira, wasu har sun fara zaman makokin 'yan'uwansu. Na kafa sifana, na sa ƙarfina duka. Ya motsa.

Ƙarar tsintsiyar uwargidana Hajiya a tsakar gida ce ta tashe ni. Ban jira koko ba, na ɗauki sanfefa ta goge tsatsa na nufi gareji. Da na kankare wurin na ɗaure, fitilar ta mutu murus.

Ilu ya leƙo, ya tambayi ko wane makaho ne ya yi wannan ɗaurin tun farko.

"Ni ne," na ce. "Tayar da motarka."