Kwalayen Baba Kati

Baba Kati tsohon mai fassara ne, kuma 'yan unguwa ne suka laƙaba masa sunan, don ba a taɓa ganinsa ba kati a aljihun gaba. Haushi ne ya jefa shi wannan hali. Tun yana bakin aiki ya lura cewa ƙananan kalmomin Turanci, waɗanda ɗan aji biyu ya sani, su suka fi kayar da babban mutum. Kalmar da Bature ke kiran gado da ita, a wurin ma'aikaciyar jinya makwanci ce, a wurin mai lambu fegin shuka, a wurin mai ɗab'i faffaɗan ƙarfen da ake jera haruffa a kai, a wurin mai haƙa rijiya kuwa shimfiɗar dutsen da ke tsayar da diga. Ƙamus ɗin kasuwa sai ya ba ka ma'ana ɗaya ya kakkaɓe hannu. Baba Kati ya rantse sai ya rubuta littafin da zai ba kowace sana'a haƙƙinta.

Yana da ƙa'idar da ba ya karyawa: ba ya kwafa daga littafi. Sai ya taka har wurin mai sana'a, mai sana'ar ya ɗora hannu a kan abin ya ce ga shi. Sannan ya rubuta kalmar da tawada a fuskar kati, ya juya baya ya rubuta ma'anar da fensir, da wanda ya faɗa, da ranar. Kati ɗaya, ma'ana ɗaya. Saboda haka kalma guda sai ta tara kati talatin ko fiye, fuskokinsu iri ɗaya sak. Cikin shekara ashirin da biyu ya cika kwalin takalmi goma sha ɗaya, ya jera su ƙarƙashin tagar ɗakinsa.

Mai maɗaba'ar da ya yi masa alkawarin buga littafin ya sha ce masa, "Baba, wa zai sayi littafin da sai an ɗauko shi a baro? Kalma ɗaya, ma'ana ɗaya, mu wuce wurin."

"Irin wannan ai ya cika kasuwa," in ji Baba Kati. "Gara in mutu ba littafi."

Ana cikin haka yanar ido ta rufe masa gani. Aka yi masa aiki, likita ya ce mako biyu ba karatu ba sunkuyo, don haka ya tare gidan ƙanensa kusa da asibiti. Makullin ɗaki ya bar wa babbar 'yarsa, wadda yake kira Uwata don sunan mahaifiyarsa ta ci. Ita kuwa a ofishin ajiye takardu take aiki, kuma duk ofishin ba wanda ya kai ta gano fayil ɗin da aka buɗe sau biyu. Har takardar yabo aka ba ta a kan haka.

Ranar da ya dawo, da hantsi, ita ta riƙo hannunsa har ƙofar ɗaki tana ta murmushi.

"Baba, rufe ido. Au, ɗayan dai, wancan likita ya riga ni."

Ɗakin na ƙamshin sabulu. An wanke labule, an goge tebur. Ƙarƙashin taga kwali biyu ne kawai.

"Hutu na ɗauka musamman," ta ce. "Kwana tara ina kai. Baba, ashe maimaici ne ya hana littafin nan fita. Wata kalmar sau talatin da takwas ka rubuta ta. Na ce lallai tsufa ya fara taɓa tsohon nan."

Ya dafa bango. "Sauran fa, Uwata?"

"Masu kwasar shara sun tafi da su tun makon jiya."

"Kin juya bayansu?"

"Na juya biyu ko uku. Fensirin ya dushe, na ga kamar 'yan tunatarwa ne. A kowace kalma na zaɓi wanda ya fi tsabta na bari. Wasu fa duk baƙin mai ne da shatin yatsu, ko taɓawa ba ka so ka yi."

Ya zauna bakin gado. Masu baƙin man nan su ne littafin. Shatin yatsun na bakanike ne, da mai gyaran agogo, da mai ɗab'i, waɗanda ke karɓar katin su duba ko ya rubuta daidai. Kati mai tsabta kuwa shi ne na farko a kowace kalma, wanda yake rubutawa a kan teburinsa, mai ɗauke da ma'anar da kowa ya sani.

Ya ɗaga kai da niyyar magana, sai ya ga yatsunta, duk gefen kati ya yayyanka su, biyu ma an naɗe da filasta. Tana tsaye tana jiran yabo kamar ranar da ta fara kawo masa sakamakon jarrabawa. Laifin wa? Shekara ashirin da biyu bai taɓa zaunar da kowa a gidan ya nuna masa bayan kati ba. Abin da ya iya kawai shi ne, "Kada a taɓa mini kwalaye."

"Allah ya yi miki albarka, Uwata," ya ce.

Da likita ya sallame shi ya cika aljihu da sabbin katuna ya fita, wai zai sake daga farko. Shagon mai gyaran agogo yanzu rigunan waya ake sayarwa a ciki, shi kuwa ya rasu shekara shida da suka wuce. Tsohuwar maɗaba'ar haruffan dalma an mai da ita wurin aski. Matar da ta yi aikin haɗa layukan tarho, wadda ita kaɗai ta ba shi kati goma sha huɗu, 'ya'yanta sun ɗauke ta, ba wanda ya san inda suka koma. A garejin bakanike ɗan bakaniken ya tarar yana jona kwamfuta a jikin mota.

"Ayya Baba, wannan sai su tsoho. Mu yanzu na'ura ce ke faɗa mana."

Ya dawo gida ya ɗauki kalmar nan mai kati talatin da takwas, wadda Bature ke kiran kan mutum da ita, ya yi ta ƙoƙarin tunawa. Tara ya samo, uku daga ciki ma yana shakka. Ya riƙe fensir har yatsunsa suka sage bai rubuta komai ba, don babu bakin da zai jingina su gare shi. Ba wanda zai faɗa wa baƙin cikinsa, tunda faɗar na nufin karya zuciyar 'yarsa. Ruwan da ya zube ba ya kwasuwa, balle ga mai shekara saba'in da ɗaya.

Bayan wata guda Uwata ta shigo da mai maɗaba'a, bakinsa har kunne. Ashe ta buga kwalayen biyu a kwamfuta ta kai masa.

"Yanzu ka yi magana, Baba," in ji mai maɗaba'ar. "Da tuni ka ji shawarata, da yanzu muna bugu na biyar."

Ya miƙa masa samfurin. Siriri ne, zai shiga aljihu. Ga sunansa a bango da manyan haruffa. Ya buɗe ya nemi kalmar gado, ya same ta: layi ɗaya, kalma ɗaya a gabanta, gado. Likita ya iya aikinsa, idon yana gani tar, ba harafin da ya ɓoye masa.

"Sa hannunka kawai ake jira," in ji Uwata, tana miƙo masa biro da takardar yarjejeniya. "Shekara ashirin da biyu, Baba. Yau dai ka huta."

Ya dubi fuskarta, ya karɓi biron, ya sa hannu a inda ta nuna masa.