Ɗacin Sabuwar Ƙwarya

Tun da Inna Asibi ta rasu, mijinta Baba Jibirin ya rage cin abinci. An kai shi asibiti a Gwarzo, likitoci suka duba, suka ce tsufa ne. Ɗansa Hambali bai yarda ba. Yana ganin yadda tsohon ke ɗaga murfin kula, ya shinshina, ya mayar.

"Warin roba," in ji shi. Kullum maganar ke nan.

Hambali ya san gidan da tsohon ke nema. A cikinsa ya tashi, nan ƙauyen Kara. Randa a gindin darbejiya, zaune cikin yashi mai laima. Ƙwaryar fura a rufe da faifai. Daddawa a ƙunshe cikin ganye. Bai san ranar da duk suka tafi ba. Wannan ta fashe aka sayo bokiti, waccan ta tsage aka sayo kula. Shi ke nan.

Sai ya fara maido su, a hankali, ba tare da ya gaya wa kowa ba. Randa ya fara sayowa a kasuwar Getso, ya ɗauro ta a bayan babur yana lallaɓawa kamar ya ɗauko majinyaci. Matarsa Badi'a ta tare shi a zaure.

"Malam, saura ka sayo mana jaki."

"Zan duba," ya ce.

Amma ita ce ta fara daina sayen ruwan leda. Ita ta rataya kwando a bakin ƙofa, duk wanda aka aika cefane ya ɗauka. Ledojin da ke maƙale a danga suka ragu, awaki suka daina tauna su. Baba Jibirin ya sha ruwan randa ya ce ya yi sanyi. Abinci dai loma kaɗan. Wuyan rigarsa sai ƙara faɗi yake.

Ƙwarya ce ta rage, kuma Hambali ya ƙi saya. Inna ba ta taɓa sayen ƙwarya ba, dumanta take shukawa a jikin danga. Da damina ta sauka shi ma ya shuka. Ya jira. Bayan an yanke dawa ya zaɓi mafi girma, ya fafe, ya kankare cikin, ya shanya a kan rumfa. Ta fito fara tas.

Ran nan da la'asar Badi'a ta dama fura a ciki, da nono mai kauri. Hambali ya kai da kansa, ya durƙusa.

Tsohon ya daɗe yana shafa bakin ƙwaryar da yatsa. Ya ɗauki ludayi ya kurɓa. Fuskarsa ta yamutse, ya juya ya tofar.

"Kai, kashe ni za ku yi?"

Hambali ya ɗanɗana. Ɗaci kamar ɓawon maɗaci. Ya ji aikin damina guda ya tafi a banza.

"Wa ya jiƙa ta?" in ji tsohon.

"Na wanke ta, Baba. Har da sabulu."

"Sabulu." Tsohon ya dube shi sama da ƙasa. "Duk furar da ka sha a hannun tsohuwarka, ba ka taɓa ganin sabuwar ƙwarya cike da ƙasari a bayan ɗaki ba?"

Hambali ya gani kuwa. Ruwan wankin gero, fari-fari, mai tsami, ƙudaje na yawo a kai.

"Na ɗauka na awaki ne."

Baba Jibirin ya yi dariya har ta zame masa tari. Rabon da a ji wannan dariyar tun kafin rasuwar. Ya dafa bango ya miƙe, ya ɗauki ƙwaryar ya fito tsakar gida.

"'Yar nan, akwai geron wankewa?"

"Akwai, Baba."

"Kar ki zubar da ruwan. Ki cika ta, ta kwana, a zubar, a sake. Haka har ɗacin ya fita."

"Zai daɗe?" in ji Badi'a.

"Sai ta yarda. Wata taurin kai gare ta, kamar wanda ya shuka ta."

Ya zauna kusa da turmi yana kallon hannunta cikin geron, yana gyara mata abin da bai lalace ba. Can ya ɗaga kai.

"Me kuka dafa ne?"

"Tuwon dawa, miyar kuka."

"Zubo min. Aikin nan ba zai yiwu da yunwa ba, kuma in na bar muku ɓata ta za ku yi."

Badi'a ta dubi mijinta. Hambali ya miƙe. Ya je ya ɗebo wa tsohon ruwan wanke hannu.