Ɗigon da ke Gefen Tauraro

Munzali na tsaye a ɗakin duhu yana jijjiga farantin roba a hankali, kamar mai lallashin jariri, lokacin da waya ta fara kaɗawa a aljihunsa. Bai ɗauka ba. Gilashin da ke kwance cikin ruwan sinadari ba ya jiran kowa: ka bar shi ya daɗe ya ƙone, ka yi garajen tsamo shi ya fito wayam. Ɗan koren ƙwan lantarki ne kaɗai ke haska ɗakin, ga wani wari da ke shiga maƙogwaro ya zauna. Ya tsamo gilashin baƙi ƙirin, ya tsoma shi a faranti na biyu, baƙin ya yi ta washewa har ya koma garau. Ya ɗauraye shi ya jingine. In ya bushe aka haska, ganye biyu da tauraro za su taso daga cikinsa suna sauya launi, har mutum ya kai yatsa zai taɓa.

A makaranta hologiram ake kiran abin. A bayan shagon hoton Alhaji Sodangi da ke Dutsin-Ma kuwa, sunansa aikin ciki. Alhaji ke ɗaukar gilashin ya kai wani gari, a buga dubban 'yan tambura masu ƙyalli daga jikinsa, a manna su a kwalayen magani. Asalin tambarin na wani kamfani ne, wanda ya yi shi don mai saye ya gane nasa. Alhaji ya ce maganin na gaske ne, ta bayan gida kawai ya shigo, kuma duk ƙetaren iyaka ake kai shi. Munzali ya yi digiri a kimiyyar sinadarai, ya yi yawon neman aiki har takalminsa ya suɗe, don haka ba wawa ba ne. Ya dai ga yarda ta fi sauƙi, sai ya yarda.

Sai da ya wanke hannu sannan ya duba wayar. Yayarsa Batula ce, wadda ke zaune da Inna a gidansu a Wurma. Ya kira ta. Inna ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta na dama ya shanye, suna asibiti a Kurfi.

* * *

A bayan ɗan acaba, gonakin dawa na gudu ta gefensa, Munzali ya yi ta addu'a tana suɓuce masa. Abin da ke dawo masa shi ne ranar da aka fara ɗora Inna Kande kan maganin hawan jini. Lokacin yana ɗalibi, ilimi na cin sa. Ya zaunar da ita a tsakar gida, ya ɗaga kwalin ya karkata shi a rana, tauraro ya tashi daga ja ya koma kore. Ya ce mata duk kwalin da bai yi haka ba, ko wa ya ba ta, ta jefa shi masai.

Inna ba ta san baƙi ko ɗaya na boko ba, amma wannan karatun ta riƙe shi gam. Kafin shekara ta zagayo ta zama likitar unguwa. Mata su dawo daga kemis su biyo ta ɗakinta, ita kuma ta gyara zama, ta ƙanƙance ido, ta karkata kwali, ta yanke hukunci. In kwalin nata ya ƙare sai ta ɓamɓare tambarin ta manna a murfin kwallarta, don ta ce abu mai kyau haka bai dace da juji ba. Yatsun Munzali da sinadari ya rina suka yi ruwan goro ma abin alfahari ne a wurinta. Takan kama su ta nuna wa baƙi, ta ce su ga hannun mai ilimi.

Da can shi da kansa yake sayo mata maganin daga wani babban shago a Katsina. Da aikin ciki ya yi yawa, sai ya ce wa Batula ta riƙa saye a Kurfi ranar kasuwa, su dai duba tambari. Da bakin da ya saba ya faɗa. Ai mai nasa tambarin ƙetare yake tafiya, in ji Alhaji.

* * *

Ya sami Inna kwance, bakinta ya karkace, yawu na bin haɓarta. Wata ma'aikaciyar jinya na ta yi wa Batula faɗa. Ta ce jinin da ya hau haka ba na mai shan magani ba ne, mutanen ƙauye ke nan, a ba su magani su tura ƙarƙashin katifa, sai ta ɓaci su zo suna kuka. Batula ta rantse ko ranar salla Inna ba ta taɓa tsallakewa ba. Ma'aikaciyar ta taɓe baki.

Maganar ta yi wa Inna zafi fiye da ciwon. Ta yi ta laluben jakar da ke gefenta da hannun hagu har ta zaro kwalin. Ta ɗaga shi wajen taga ta karkata. Launi ya faɗo a gaban rigar Munzali.

"Na... duba," ta ce, harshen na harɗewa. "Yadda ka... ce."

Ya karɓa don ya kwantar mata da hankali, idonsa ya sauka a gefen tauraron. Akwai wani ɗan ɗigo a wurin, bai wuce ƙwayar riɗi ba, wanda ba ya ƙyalli ko ta ina aka juya shi.

Ya san ɗigon. A damanar bara tataccen ruwan da ake ɗauraye gilashi ya ƙare, Alhaji na azalzala, sai ya ɗebo na burtsatsen unguwa. Ruwan ya bushe ya bar tabo. Ya so ya sake, Alhaji ya yi dariya ya ce wa zai tsaya ƙirga taurari a kwalin magani. Duk duniya gilashi ɗaya ne ke da wannan tabo, kuma daga farantinsa ya fito.

"Kin duba daidai, Inna," ya ce.

Ya fita bayan ɗakin, ya ɓallo ƙwaya ɗaya ya tauna. Ya san ɗacin maganin nan, ɗaci ne mai kama harshe. Wannan kuwa ya narke lami, alli ne da ɗan gari. Ya tsaya da farin abu a bakinsa, ya kasa tofarwa ya kasa haɗiyewa. Wata da watanni tsohuwar nan na yin bisimilla tana haɗiyar alli, tana sa masa albarka.

Ya kira Alhaji. Alhaji ya saurara har ƙarshe, ya yi salati, ya yi wa Inna addu'ar samun sauƙi. Sannan ya sassauta murya. "Munzali, kai ka haɗa ƙwayar? Gilashi ka wanke. Rai kuma na Allah ne. Ka kula da tsohuwa, in ta samu sauƙi ka dawo, sabon gilashin ya bushe."

Abin kunyar shi ne maganar ta so ta yi masa daɗi. Ya juya ta a zuciyarsa yana neman inda zai raɓe, bai samu ba. Ba don tauraronsa ba, da Inna da kanta ta jefa kwalin nan masai.

* * *

Aka sallame su suka koma Wurma. Munzali ya tafi Katsina ya sayo magani mai ɗaci, ya ce wa Batula likita ne ya sauya. Shi ke ɗaga Inna, shi ke ba ta kunu a cokali. 'Yan dubiya suka yi ta yaba masa, ana cewa Allah ya ba kowa ɗa irin Munzali. Duk wanda ya faɗa sai ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi, amma amin yake cewa. Ya yi niyyar gaya wa Batula ba sau ɗaya ba, sai ya ga yadda take kallonsa, ya tambaye ta ko akwai sauran ruwa a randa.

Wata rana da hantsi maƙwabciyarsu Rahamatu ta yi sallama, goye da 'yarta. Kan yarinyar ya langaɓe, leɓɓanta sun bushe. Bayan gaisuwa ta kwance bakin zane ta fito da kwali.

"Malam Munzali, zazzaɓi ya hana ta barci. Da Inna ke duba muna, to ga mai abin da kanshi. Duba mani kahin in ba ta."

Inna na jingine da bango. Rabin fuskarta mai rai ya yi murmushi, irin na wadda ake yabon ɗanta a gabanta.

Ya karɓa ya matsa bakin ƙofa. Maganin zazzaɓin yara ne. Ya karkata shi, ganye suka taso, tauraro ya tashi daga ja ya koma kore. Ɗigon na nan zaune a gefensa.

Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Ya dubi wuyan yarinyar da ke sheƙi da gumi.

"Kar ki ba ta," ya ce. "Ki ɗauke ta ku tafi asibiti yanzu."

"Halan bai ƙyalli? Na ga kamar yana yi."

"Yana yi."

"To ai irin na Inna ne sak. Mi ya bambanta su?"

"Babu. Na san wanda ya yi shi."

Rahamatu ba ta gane ba, amma ta ga fuskarsa, ta gyara goyo ta fita da sauri. Inna ba fuskarsa take kallo ba. Yatsunsa take kallo, masu ruwan goro, riƙe da kwalin. Ta daɗe tana kallonsu. Ya durƙusa ya miƙa hannu zai goge mata yawu, sai ta ɗaga hannunta na hagu a hankali, ta goge da kanta.

Ta juya kanta wajen bango. A can kan jere, rana ta shigo ta taga ta sami murfin kwallarta, taurarin da ta manna suna ta sauya launi.