Hoton Baba Mai Faci

"Sake gwadawa, Malam," na ce wa mai hoto. "An ce akwai inda ake dannawa hoto ya koma yadda yake."

"Akwai, 'yar'uwa, in asalin yana nan. Ke kin yanke, kin ajiye, kin goge na farkon. Kwamfuta ai ba ta tono kabari."

Ya dubi matar da ke gefena, ya haɗiye dariyarsa.

'Yar Baba Mai Faci ce, maƙwabcinmu da ya rasu shekaranjiya. A nesa take aure, ta iso an riga an kai shi. Ba shi da hoto ko ɗaya. Amma ya taɓa gaya mata a waya cewa na ɗauke shi da 'yata, yana dariya.

Ba ƙarya ya yi ba. A bakin rumfarsa yarinyar ta fara tafiya, tsakanin tsofaffin tayoyi da bahon ruwan da yake neman huji a ciki. Lokacin wani mugun tari ya riga ya kama shi. Mijina yana aiki a wani gari, kullum gargaɗinsa ɗaya: kar in bari tsohon nan ya taɓa masa 'ya. Ni ma tarin na ba ni tsoro. Kafin in tura masa hoton na ja layi na fitar da Baba, na goge asalin don kar ya dawo ya gani.

Makonsa na ƙarshe ta taga yake kirana.

"Ina amaryata? Kawo ta mana in gan ta."

"Barci take, Baba."

Ba barci take ba.

"Me ya sa kika yanke shi?" in ji 'yarsa, ba ta ko kalle ni ba. "Rigarsa ce ta yi miki datti, ko?"

Na gyara goyona. Gara ta ɗauka haka.

"Malam, me ya rage?" ta tambayi mai hoto.

Mai hoto ya ƙara girman gefen hoton. Yatsu huɗu ne, baƙi wuluk, gam ya bushe a farcen, sun riƙe hannun 'yata kar ta faɗi.

"Buga min wannan," in ji 'yar Baba.

"Har da yarinyar?"

"A'a. Yanke ta."

Ya ja layin. Injin ya fara turo takardar a hankali, ita kuma ta tara hannu biyu a bakinsa tana jira.