Leda ta Hamsin

"Ba zan sa maka allurar nan ba, Kawu," in ji ma'aikaciyar jinyar.

Kawu ya riga ya kishingiɗa a gadon ɗibar jini, ya naɗe hannun riga. Shi ya kafa wannan ƙungiya ta tara jini da firiji ɗaya a shagon haya, yau kuma zai ba da jini karo na hamsin. Har mai hoto an kirawo.

"Ke Likita, bar wasa," in ji shi. Tun tana firamare yake kiranta haka, ko da yake aikin jinya ta karanta.

"Jiya da safe aka cire maka haƙori. Ni na dama maka abin da ka sha, don ka kasa tauna. A takardar tantancewar nan kuma ka rubuta ba abin da ya same ka."

"Haƙori ne fa, ba ƙafa ba!"

Direban ƙungiyar ya tuntsire da dariya, ya ga shi kaɗai yake yi, ya haɗiye sauran.

Manaja ta matso, ta rage murya. "Ɗiba kawai a yi hoton. In ya so mu ajiye ledar jinin gefe."

"Hajiya, ledar da ta shiga firiji wa zai tsare ta? Gobe wani ya ɗauka a ƙara wa jariri. Ramin haƙorin bai warke ba, ƙwayar cuta na iya shiga jininsa. Ya dawo bayan mako guda."

Kawu ya tashi zaune. "A gidana kika girma. Ni za ki kunyata gaban ma'aikatana?"

"Kai ka manna dokar nan a bango, Kawu. Ni karantawa kawai na yi."

Ya warware hannun rigarsa a hankali, ya saka maɓalli, ya fita. Ita kuwa ta sauya safar hannu, ta kira na gaba a layi, wani tela mai tsoron allura. Ta ja shi da hira har ledarsa ta cika.

Da makon ya zagayo, Kawu ya dawo ba mai hoto, ya ce wata ma'aikaciyar ta ɗebi jininsa.

Ita aka mayar da ita sito, tana jera auduga da kwalayen safar hannu. Ba ta nemi a dawo da ita ba, ba ta kuma ba da haƙuri ba. Wata biyar ke nan tana gaishe shi da safe yana amsawa da ka, kuma ko sau ɗaya bai sake ce mata Likita ba.