Gidan da Vern Ya Sayar

Ana jibi Kirsimeti, Vern Halvorson ya faka sabuwar motarsa mai ɗakin kwana da kicin a ƙofar gidan 'yarsa Corinne, a garin Fargo. Ya ce mako guda zai yi, sannan ya gangara kudu jihar Arizona shan hantsi, domin gwiwoyinsa sun gaji da sanyi.

Ranar bikin, ana tsakiyar cin talotalo, Corinne ta tambaye shi wa zai riƙa duba masa gidansa idan ya tafi.

"Na sayar," in ji Vern, ko kai bai ɗaga ba. "Da me kike zaton na sayi motar?"

Corinne ta ajiye cokali. "Kayan Mama fa? Keken ɗinkinta?"

"Masu gwanjo sun kwashe. Shekara biyu ina cewa ki zo ki zaɓa, kullum sai ki ce aiki."

"Haba Baba! Gidan da na tashi a ciki ka mayar akwati mai taya, ko waya ba ka yi min ba?"

"Ke da rabonki da gidan tun jana'izarta? Ni kaɗai nake kwasar dusar ƙanƙara a ƙofa. Yau kika tuna kina da gida?"

"To, ga naka can a waje. Je ka ci a ciki."

Vern ya ɗauki farantinsa ya fita. Washegari da safe ya tayar da mota ya kama hanyar kudu. Corinne tana kallonsa ta taga, ba ta ɗaga hannu ba. Har bikin Ista ya wuce babu wanda ya kira wani.