Ajin Malam Kungane Ya Yi Ja

"Sati shida, Baba," in ji Shugabar makaranta, ta turo masa waya da damin katuna a kan tebur. "In kore ya kai kashi saba'in da biyar cikin ɗari, aji shida naka ne har ka yi ritaya. In bai kai ba, sabon malami ya karɓa, kai ka sauka aji huɗu."

"Da bakinki kika faɗa?"

"Da bakina. Masu makaranta sun so a sauke ka tun yau, ni na roƙa."

Ya ɗauki wayar da yatsu biyu kamar mai ɗaukar kunama. "To, na yarda. Ke da na koya wa riƙe fensir."

Gaskiya ya faɗa, ta taɓa zama ɗalibarsa, shi ya sa ko a ofis Baba take ce masa. Shekara ashirin da shida yana riƙe da lissafin aji shida, ajin fita, wanda a wurinsa ya fi kujerar Shugaba daraja. Yara kuwa Malam Kungane suke kiransa, don ba ya gama bayani sai ya juyo ya ce, "Kun gane?" Su kuma su amsa da "Eee!" har rufin kwano ya ɗauka.

Aikin katunan ba shi da wuya. Kowane yaro da nasa, mai baƙin zane a tsakiya da ƙananan haruffa huɗu a gefuna. Malami ya rubuta tambaya a allo da amsoshi huɗu, yaro ya juya harafin da ya zaɓa sama ya ɗaga. Malami ya bi ajin da idon waya, nan take sunaye su fito: wanda ya dace kore, wanda ya kuskure ja. Duk abin da waya ta gani kuma yana faɗawa kwamfutar Shugaba, ana tarawa.

Ran farko ya yi musu bitar tara guntayen lamba, ya tambayi ko sun gane, suka rantse sun gane. Ya rubuta: rabi a tara da sulusi. Katuna arba'in suka tashi. Tara kore, talatin da ɗaya ja.

Ana kaɗa ƙararrawar hutun ƙarfe tara ya nufi ɗakin malamai, ya dire wayar gaban sabon malami. "Ɗan nan, duba min, an ba ni mai ciwon ido."

Saurayin ya danna nan, ya danna can. "Baba, lafiyarta ƙalau." Ya rage murya. "Wallahi ni ba ajinka nake so ba. Ka riƙa jefa musu masu sauƙi, bakwai sau uku, goma a cire huɗu. Ita waya kore kawai take ƙirgawa, ba ruwanta da nauyin tambaya."

"Wato in shafa wa gyambo hoda."

"Ni dai na faɗa. Amma duba wani abu." Ya buɗe wani shafi. "Cikin masu jan nan, ashirin da shida amsa ɗaya suka zaɓa: biyu bisa biyar."

Malam Kungane ya ƙura wa shafin ido. Ruwa ba ya tsami banza. Mutum ashirin da shida ba sa faɗawa rami ɗaya sai in wani ne ya haƙa shi a kan hanya.

Washegari ya je har benci na ƙarshe, wurin wata yarinya da rabon da ya ji muryarta ita kaɗai tun farkon zango. "'Yata, ba duka ba zagi. Yaya kika yi kika samu biyu bisa biyar?"

Ta sunkuyar da kai, sai ta rera a hankali: "Sama da sama, ƙasa da ƙasa."

Ajin ya ɗauka gaba ɗaya, har da masu buga benci. Waƙarsa ce. Shi ya ƙirƙire ta tun yana da baƙin gashi, don a riƙa tuna yadda ake ninka guntu da guntu, yana kuma alfahari da ita. Ashe yaran sun ɗauke ta maganin kowace cuta: ninki da ita, tarawa da ita, ɗebewa ma da ita. Ɗaya da ɗaya biyu, biyu da uku biyar. Ramin nasa ne, da hannunsa ya haƙa.

Da yamma ya zayyana wa matarsa, tana kan keken ɗinki ba ta ko ɗago kai ba.

"Sai yau ka san 'e' ɗin yara, Malam? Ni ma shekara talatin ina ce maka na gane, don ka bar ni in yi aikina."

"Allah Ya shirye ki. Ara min almakashinki."

"Na yadi ne. In ka dakushe shi, ka san sauran."

Da almakashin nan ya yanka kwalaye dogaye, duk tsawonsu ɗaya. Kowane benci ya samu uku: a ninke ɗaya gida biyu, ɗaya gida uku, ɗaya gida shida. Suka jera rabi kusa da sulusi a kan mai gida shida, suka ga da idonsu gida biyar ya cinye. Gani ya kori ji. Duk da haka bai saki jiki ba. Kowace tambaya sai ya dasa amsar waƙar a cikin huɗun, da gangan, ya ga wa za ta ja. Kuma tana ja. Waɗanda suka faɗa ya kira su gefe su biyar, su shida, a koma kan kwali, sauran su ci gaba da aiki. In ya ga ja ya yi yawa, darasin gobe ya rushe ya sake gini. Har yaran suka daina ɓoye kati a bayan kan na gaba, don sun lura ja ba ya kawo bulala, kwali yake kawowa.

A ɗakin malamai kuwa ya zama abin nishaɗi. Malamar Turanci ta ce, "Baba, an ce ajinka ya fi mahauta jini." Ya ce, "Gara nawa, ana gani ana ɗaurewa."

Sati na huɗu Shugaba ta kira shi, ta juya masa kwamfutar. "Hamsin da biyu, Baba. Ka taimake ni in taimake ka. Tambaya goma masu sauƙi kullum, wa zai sani?"

"Ranki ya daɗe, rabi a tara da sulusi, nawa ne?"

Ta buɗe baki, leɓenta ya fara motsi da waƙar, sai ta kama kanta. Ta yi dariya, dariyar ta tsaya a rabin hanya.

"Kin gani," in ji shi. "Ke kin tsira don kin yi gaba, wasu sun gyara miki. Waɗannan wata uku ya rage musu a hannuna, ko a hannun wani. Ba zan sallame su da ƙarya ba don in tsira da kujera."

"Za su sauke ka."

"Su sauke."

Sati na shida, ranar ƙarshe, ya ba su mai wuya: sulusi biyu a tara da rubu'i, da tarkon a ciki. Talatin da shida kore. Yarinyar bencin ƙarshe tana cikinsu. Amma ba a yi sharaɗi kan ranar ƙarshe ba, an yi shi kan jimillar sati shida, kuma jan farko ya riga ya yi nauyi. Sittin da ɗaya aka samu. Shugaba ta ce bari ta koma ta sake roƙo, ya ce ta bari, alkawari kaya ne, shi ya ɗauka da hankalinsa. Ran Litinin ya miƙa wa sabon malami rajista da takarda mai sunayen yara huɗun da suka rage, da inda kowannensu ke tuntuɓe. Ya nemi a buga masa katuna na aji huɗu.

To, in ana lissafi, sabon malami ya ci riba, ya gaji gona an riga an nome ta. Yara arba'in sun ci riba. Malam Kungane ya yi asarar ajin da ya fi so a duniya, kuma abin ya yi masa ciwo, kada wani ya ce maka bai yi ba. Amma babbar asara tana wurin waɗanda suka fita shekara da shekaru da biyu bisa biyar a ka, sun watsu cikin duniya, ba mai iya kiransu su dawo benci.